Bijimai Biyu a Gonar Arzika

Garmar shanu guda, a kwance, ɗaure a bayan jaki. Karkiya da sarƙa. Bargon soja, butar ƙarfe, ƙullin goro. Turmin atamfa da aka sayo tun a Indiya. Hannun ƙarfe mai ƙugiya a baki, naɗe cikin tsumma. Sai bijimai biyu farare, Manjo da Kyaftin.

Abin da Lauwali ya fito da shi daga Tambuwal ke nan, ya nufi Kebbe. Tun hantsi yake gaba, sauran suna binsa.

"Kofur, rage sauri," in ji Sambo daga baya. "Wadda tay yi damina biyar tana jira, ta iya jiran jaki."

Lauwali bai rage ba.

Sambo mutumin Dogon Daji ne. Tare aka ɗauke su soja, tare aka kai su ƙasar Bama, can gaba da Indiya, tare likita ya sallame su bayan an gama yaƙi. Lauwali ya baro hannun hagu a can, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Sambo ya baro ido. Shi ya sa Sambo kan ce in aka haɗa su biyu za a sami mutum guda cikakke, har da ɗan saura.

Da suka dawo, a Tambuwal suka yada zango, wurin ofishin tsofaffin soja. Ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, da rumfa a gaba, da wani Saje Ladan mai kula da shi. Aikinsa nema wa waɗanda aka sallama abin yi. Ya shimfiɗa wa Lauwali zaɓi: ko gadin sito a Sakkwato, ko shanun noma. Lauwali ya zaɓi shanu. Rani guda ya yi a gonar gwaji yana koyon yadda zai saƙala ƙugiya a mariƙin garma ya danna da kafaɗa, har kafaɗar ta yi kanta. Duk wannan lokaci bai taka Kebbe ba. Saƙo kawai yake aikawa. Ya rantse budurwarsa Ni'imatu ba za ta gan shi da hannun riga yana lilo ba, sai ta gan shi yana aikin da masu hannu biyu ba su iyawa.

To ga ranar ta zo.

Goggo, ƙanwar mahaifin Ni'imatu, ita ta aiko wani mai fataucin gishiri da labari. Mahaifin nata, Arzika, ya gaji. 'Yarsa ta kori masu nema har mutane sun fara magana, ga kuma wani Attahiru ya fito, ɗan gidan yawa, mai 'yan'uwa kamar fara. Arzika ya bar gonarsa ta tudu ba a huɗa ba, ya ce mai son ɗiyarsa ya san abin da ake yi wa suruki. Attahiru ya riga ya sa ranar gayya, bayan ranar kasuwar Kebbe.

Da Lauwali ya ji haka dariya ya yi, irin wadda bai yi ba tun a jirgin ruwa. Gayya! A tara ƙarti, a dafa tuwo, a kira makaɗa, a wuni ana ihu a kan gona ɗaya. Shi zai gama ta kafin azahar, ba tuwo ba ganga. A soja ya koyi abu guda: in an ba ka aiki, ka gama shi kafin a waiwayo.

Sun isa gefen gari da yamma, hadari na haɗuwa a gabas. Ba su shiga ba. A wata bukkar masu gadin gona suka fake, ruwa ya sauko ya jiƙa ƙasa yadda ake so. Sambo ya ce ko sama ta san Kofur zai yi aure.

Da asuba suka yi salla, suka ɗaura wa bijimai karkiya. Lauwali ya warware tsumman, ya zura dungulmin cikin hannun ƙarfe, Sambo ya ja masa maɗaurin fata har sai da ya cije leɓe. Ya saƙala ƙugiya. Ya yi bisimilla.

Garma ta shige ƙasa kamar wuƙa a kabewa.

Ƙasa ta dāre gida biyu, ta kwanta dama da hagu, baƙa, tana tururi. Sambo na gaba riƙe da igiya yana ba bijimai umarni da muryar fareti. Suka kai ƙarshen gona, suka juyo. Kunya ta biyu ta kwanta jikin ta fari, miƙe sambal. Lauwali ya ji ƙirjinsa na bugawa, ba don gajiya ba.

Kafin rana ta ɗaga, bakin gona ya cika. Masu zuwa gonakinsu suka ajiye fartanya suka tsaya. Wani tsoho ya tsuguna ya auna zurfin kunyar da hannunsa, ya tashi yana salati. Wasu suka ce asiri ne na Nasara. Wasu suka ce ai Lauwali ne ɗan garin Fakku, wanda aka ce ya mutu. Sambo ya ƙara murya, har da ƙamewa da sara wa bijimai in sun juya daidai, mutane na ta dariya.

Can sai ga masu tallan nono sun biyo hanya, jere, ƙore a ka.

Lauwali ya gane ta tun daga tafiyarta. Ta ƙara tsawo, fuskar ta faɗa kaɗan, amma wuyan nan ne, da yadda take riƙe gefen ƙwarya da yatsu biyu. Ni'imatu ta tsaya cak, har ta bayanta ta yi karo da ita. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa. Ba ta dubi ƙugiyar ba. Fuskarsa ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya ce ko kuka, bai sani ba. Garma ta kauce, kunyar ta karkace, Sambo ya ce Kofur ya dubi gabansa kada ya huɗa masa ƙafa.

Da ya sake ɗaga kai, ta daina kallonsa. Gonar take kallo, daga wannan iyaka zuwa waccan, kuma murnar ta bar fuskarta. Ta ɗauki ƙwarya ta juya gida da sauri.

Bai ba abin muhimmanci ba. Ya ɗauka kunya ce.

Suna kan kunyoyin ƙarshe Arzika ya iso. Dogo ne, siriri, sanda a gicciye bisa kafaɗu irin ta mai kiwo. Mutane suka dāre masa. Lauwali ya tsayar da shanu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Arzika ya amsa gaisuwar da tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi jiki, ya yi masa barka da arziki. Sannan ya zagaya bijiman. Ya taɓa igiyar da aka zura a hancin Manjo, ya shafa inda karkiya ta goge wuyan Kyaftin. Shi da bai taɓa ɗora wa bijimi ko buhu ba. Ya yafito Lauwali zuwa gindin wata ƙirya, nesa da kunnen jama'a.

"Kunyoyinga sun yi kyau," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsu ba. To wa za ni gode ma? Shanu, ko Nasara?"

Lauwali ya ce, "Baba, na ji an ce gonar na jiran huɗa."

"Da huɗa nika so, da na yi abina da ɗiyana maza, tun ruwan fari."

Ya jingina sandarsa da itacen. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Na bar ta ne don in tsaya bakin gona in ga wa ka fitowa saboda kai. Ran da kaf faɗi ciwo, wa ka kawo ma ɗiyata dame? Ran da tah haihu, wa ka cika zaure? Ran da kas saɓa mata, wurin wa za ni kai ƙara? Na zo in ga mutanenka, na ishe sa biyu da baƙo guda."



Arzika ya ce ya san mahaifin Lauwali ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma ƙanen mahaifin, Almu, yana nan da ransa a Fakku, kuma ko ƙafarsa bai gani ba. Ya ce hannu bai dame shi ba. Ya ga kuturu da iyali, ya ga makaho da jikoki. Ya ce ba zai yi wa ɗiyarsa tilas ba, in ta ƙi Attahiru ta zauna a gida har ta yi furfura. Amma ba zai ba da ita ga mutum ɗaya tilo ba. Akwai sauran gonar bakin rafi. Can Attahiru zai kai gayyarsa, bayan ranar kasuwa. Gonar na da faɗi, tana ɗaukar gayya biyu.

Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kamar abin bai isa ba, Attahiru ma yana cikin 'yan kallo. Ya matso da fara'a, riga wankakkiya, ya miƙa wa Lauwali hannu, ya yaba aikin ƙwarai. Sannan ya tambaya ko ana ba da hayar shanun, don yana da wata gona a hanyar Sanyinna. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Sambo ya kalle shi da idonsa guda har sai da ya janye.

Bayan la'asar Goggo ta aiko a kira Lauwali. Ta shimfiɗa tabarma a bayan gida, gindin tsamiya, ta koma gefe da mazari da audugarta, ta ce ita kunnenta ya daɗe da mutuwa.

Ni'imatu ta fito. Ta zauna a bakin tabarma, ta gaishe shi kamar jiya suka rabu. Ya tura mata turmin atamfar. Ba ta taɓa ba.

"Soja," ta ce, "wa yab ba ka wagga shawara?"

Ya ce ba kowa.

"Na sani. Da ka tambayi ko mai tallan ƙosai, da ta faɗa maka."

Ya ce ya yi abin da zai iya. Ya ce rani guda ya yi yana faɗuwa a bayan garma, kafaɗarsa na jini, don wannan safiya. Ta ce ta gani, kuma da ta gan shi a bayan shanun nan zuciyarta ta kusa fitowa ta baki, ta so ta yi guɗa a gaban kowa. Amma Baba ba gona yake aurar wa ba.

"Ka tafi Fakku," ta ce.

"Ba ni zuwa."

Ta san dalili, duk Kebbe an sani. Ana tsakiyar noman fari Lauwali ya ajiye fartanya a gonar Baffa Almu ya bi masu ɗaukar soja. Almu ya ce wanda ya tafi yaƙin Nasara kada ya sake tako masa zaure.

"Da hannu biyu nib bar shi," in ji Lauwali. "In koma mai da guda, in ce ya tara min mutane?"

"Hannu anka yanke maka, ba baki ba. Gwiwa kau biyu gare ka."

Goggo ta yi tari a kan mazarinta.

Ya ce ba ta gane ba. Gayya rance ce. Wanda ya zo maka yau, gobe kai za ka je masa. Shekarun nan duk bai kama wa kowa ko kunya ɗaya ba, kuma yanzu fartanya ta fi ƙarfinsa har abada. Da wane ido zai kira mutum aikin da ba zai iya rama masa ba?

"Shanunka fa? Na Baba kaɗai sunka iya huɗa? Fakku babu tsofaffi? Babu matan da mazansu sunka tafi tare da kai ba su komo ba?"

Maganar ta shige shi, amma ya hango kansa durƙushe a zauren Almu, samarin gari na leƙe, ana nuna hannun riga. A Bama ya kwanta cikin laka harsashi na wucewa bisa kansa, bai ji irin wannan tsoro ba.

Ya ce, a hankali, "Ni'imatu, ki auri Attahiru. Mutumin kirki ne. Shina da mutane."

Sai a nan hawayen suka zubo. Ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Damina biyar," ta ce. "Sa'o'ina kowacce da goyo, wata da biyu. In na shiga kasuwa ana ce ga matar Bama nan. Anka ce ka mutu, nic ce ƙarya ne. Anka ce an yanke maka hannu, nic ce to, saura ya ishe ni. Ka komo ƙasar nan, kay yi rani guda Tambuwal, tafiyar yini, ba ka zo ka gan ni ba, nic ce kunya ce ta namiji, ta wuce. Duk wanga na ɗauka. Yanzu don kar ka durƙusa ma ƙanen ubanka, ni za ka ba wani kamar goron sadaka?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Faɗa min, ina ji."

Ta jira. Kaji suka zo suka yi tsattsaga a gefen tabarma suka wuce. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce ita Attahiru ba ta aurensa, kuma ba don Lauwali ba, don ba ta sonsa ne. Za ta zauna ta tsufa tana tallan nono, shi kuma ya je ya tsufa da shanunsa. Ta shige gida.

Goggo ta naɗe zarenta. Ta tura masa atamfar da ƙafa, ta ce ya ɗauki kayansa, gidan nan ba a karɓar tufa daga hannun wanda ba a san gidansu ba.

Washegari suka kamo hanyar Tambuwal. Wannan karon jaki ne a gaba. Sambo ya gwada waƙar fareti, ya gwada labarin wani kuku da ya dafa wa Manjo na gaskiya biri, bai sami ko murmushi ba, ya haƙura. Da suka zo mararrabar da hanyar Fakku ta ɓalle, Lauwali ya kau da kai ya ƙara sauri.

Saje Ladan yana rumfarsa da suka iso. Tsoho ne mai ƙafar katako, tun yaƙin farko. Ya saurari labarin duka yana tauna goro, bai yi wa'azi ba. Da Lauwali ya ce ya dawo da shanu, a ba wani, gadin Sakkwato yake so, Saje ya ce gurbin na nan. Har ma an yi sa'a, akwai motar fatu da za ta tashi da safe, direban yaronsa ne a bataliya, zai ba Kofur gidan gaba.

Da safe kasuwa ta fara ci, mota na ruri, kwandasta na ɗaure kaya. Sambo ya tsaya nesa wajen turken shanu, ya juya baya, wai yana cire wa Kyaftin kaska. Lauwali ya jefa bargonsa, ya kama ƙarfe da hannun dama ya hau. Ƙofar na buɗe, Saje na riƙe da ita yana ba shi bayani: ga sunan unguwar, ga wanda zai nema. Ɗaki za a ba shi a bakin sito, da kaki, da kulki. Aikin ba wuya, a buɗe da safe a rufe da yamma.

"Za ka ji daɗin wurin, Kofur," in ji Saje, yana nufin ya kwantar masa da rai. "Birni ne. Can ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Ko mutuwa kay yi, gwamnati ka rufe ka."

Direba ya sa giya.

Lauwali ya dubi hanyar Sakkwato ta gilashi, doguwa, ja, ba kowa a kanta. Ya ga ɗakin bakin siton kamar yana ciki: tabarma ɗaya, buta ɗaya, ƙusa a bango ta rataye hannun ƙarfe. Ya ga ma'aikatan gwamnati biyu da makara, suna tambayar juna sunan mamacin.

Zuciyarsa ta shiga bugawa kamar shekaranjiya a bayan garma. Yau kasuwar Tambuwal. Ta Kebbe ba ta zo ba tukuna. In ya tashi yanzu, ya kwana a hanya, zai yi sallama a zauren Almu kafin tsohon ya fita gona. Ko ya kore shi, ko ya zage shi a gaban gari, sai dai ya zage shi yana durƙushe. Daga nan gida gida da garmarsa. Gonar kowace tsohuwa, gonar kowane gajiyayye, har sai Fakku ta ji kunyar ƙin fitowa.

Ya jawo bargonsa ya diro, har ya kusa ture Saje.

"Sambo! Ɗaura ma jaki kaya!"

Sambo ya juyo, bakinsa har kunne, ya ce ai tun asuba ya ɗaura.

Saje ya ce, "Kofur, mota za ta tashi."

Lauwali ya sa kafaɗa ya tura ƙofar motar, ta rufu garam.

"Ta tashi, Saje. A bar min shanuna. Fakku za ni, in durƙusa."